Doguwar Wasiƙar Ramatu da Gardamar Masu Karatu

A cikin shekarar 1979 aka buga wani ɗan littafi a Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, can bakin teku inda ƙasar Afirka ta ƙare ta wajen yamma. Littafin ba shi da kauri, mai saurin karatu ya iya gama shi tsakanin azahar da lisha. Da Faransanci aka rubuta shi, sunansa Une si longue lettre, watau in an juya da Hausa, Doguwar Wasiƙa. Ba yaƙi a cikinsa, ba sarki, ba aljani. Labarin waɗansu mata ne su biyu, aminan juna tun suna yara, har ga shi girma ya kama su, ɗayar tana rubuta wa ɗayar abin da ya same ta. Amma tun daga ran da ya fito har yau, shekara arba'in da 'yan kai ke nan, mutane ba su bar gardama a kansa ba. Nufinmu a nan mu bi tarihin wannan gardama, mu ga abin da kowane kashi na masu karatu ya ce, da dalilin da ya sa ya ce haka. Amma kafin mu kai nan, tilas mu san mai littafin, mu kuma san abin da ke cikinsa.

MAI LITTAFIN

Sunanta Mariyama Ba. An haife ta a Dakar cikin 1929, zamanin da ƙasar ke hannun Faransa. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka a hannun kakanninta ta tashi, suka sa ta makarantar allo kamar yadda Musulmi su kan yi. Ubanta ma'aikacin gwamnati ne, har ya riƙe ministan lafiya kafin ƙasar ta sami mulkin kai, shi ne kuwa ya nace sai an sa ta makarantar boko. Cikin 1943 ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata ta garin Rufisk, wadda Faransawa suka buɗe cikin 1938 domin 'yan mata na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinsu. Ta fita cikin 1947, ta yi shekara goma sha biyu tana koyarwa, sa'an nan rashin lafiya ya sa aka mai da ita ofishin masu duba makarantu. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya tara, auren ya mutu, ta ci gaba da riƙon 'ya'yanta.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin zamanin da ta rayu a ciki. Ita da tsararrakinta suna cikin matan farko da suka yi ilmin boko mai zurfi a ƙasarsu. Suna 'yan mata aka yi fafutukar neman mulkin kai, suna tsakiyar ƙarfinsu aka same shi cikin 1960, suka sa rai cewa yadda ƙasa ta sami 'yanci haka zaman gida zai gyaru. Sai cikin 1963 mace ta farko, Karolin Fay Jop, ta shiga majalisar ƙasa, ba ta kuwa zama minista ba sai 1978. Cikin 1972 gwamnati ta kafa dokar iyali wadda ta ce ran ɗaurin aure a tambayi miji, ya zaɓa ko mace ɗaya zai tsaya a kai ko zai ƙara, a rubuta. Saboda haka sa'ad da littafin ya fito, maganar kishiya tana bakin kowa a Dakar, a masallaci da majalisa da tsakar gida.

Ba ita ce mace ta farko da ta wallafa littafi a Senegal ba. Nafisatu Jallo ta riga ta cikin 1975, Aminata Sow Fal kuma cikin 1976. Amma Mariyama sai da ta cika shekara hamsin kana ta fitar da littafinta na fari.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFIN

Mai rubuta wasiƙar sunanta Ramatulaye, watau Ramatu ta wajenmu, malamar makaranta ce mai 'ya'ya goma sha biyu. Mijinta Modu ya faɗi ya mutu farat ɗaya, ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. A cikin wannan zama ne ta ɗauki alƙalami ta shiga rubuta wa aminiyarta A'isatu, wadda ke aiki a Amurka.

Abin da ya haɗa su ya fi ƙuruciya da makaranta, gama ƙaddara iri ɗaya ce ta faɗa musu. A'isatu ɗiyar maƙerin zinariya ce, ta auri wani likita, Maudo, jinin sarauta. Uwarsa ba ta taɓa yarda da auren ba, don a wurinsu maƙera ba sa'o'in aurensu ba ne. Sai ta tafi garinsu ta ɗauko ɗiyar ɗan'uwanta, ta rene ta, da ta isa aure ta ce wa ɗanta in bai aure ta ba baƙin ciki zai kashe ta. Maudo ya aura. A'isatu ta rubuta masa takarda ta ajiye, ta kwashe 'ya'yanta maza huɗu ta fita. Ta koma karatu, ta tafi Faransa ta koyi aikin tafinta, aka ɗauke ta aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu a Amurka.

Bayan 'yan shekaru abin ya zo kan Ramatu. Suna da shekara ashirin da biyar da aure Modu ya nemi wata yarinya, Binetu, ƙawar babbar 'yarsa, ajinsu ɗaya. Bai gaya wa uwargida kome ba. Sai bayan an ɗaura aure liman da wan miji da Maudo suka zo da yamma suka sanar da ita. 'Yarta ta ce ta fita kamar yadda A'isatu ta yi, ita kuwa ta zaɓi zama, ta shirya za ta raba kwana da amarya yadda shari'a ta ce. Ashe Modu ba rabon kwana ya ke nufi ba. Ya tare wurin amarya, bai sake taka gidan ba har shekara biyar, ba ci, ba sutura, ba saki. Da ya mutu aka zauna lissafin gado, sai ga bashi: ya jinginar da gidan da suka gina da guminsu su biyu, ya saya wa amarya gida, ya fid da ita daga makaranta, ya kai iyayenta Makka.

A cikin shekarun nan na wahala A'isatu ta ji labarin aminiyarta na fama da motocin haya ita da yara, sai ta biya kuɗin mota sabuwa, ta ce ta je ta zaɓa. Bayan sadakar arba'in wan mijin, mai mata uku, ya ce zai gaje ta, ta ƙi shi a gaban mutane. Wani tsohon manemin ta, Dauda, likita kuma wakilin majalisa, mutumin kirki, ya dawo neman aurenta, shi ma ta ba shi haƙuri, domin ba ta jin sonsa a zuciya, ba ta kuwa so ta yi wa matarsa abin da aka yi mata. Littafin ya ƙare ana gobe A'isatu za ta sauka Dakar, Ramatu tana jiranta.

MASU KARATU NA FARKO

Littafin bai daɗe da fitowa ba ya sami karɓuwa. Cikin 1980 aka ba shi kyautar Noma, wadda wani attajirin Japan mai kamfanin buga littattafai, Shoichi Noma, ya kafa domin littattafan da aka buga a cikin Afirka. Shi ne littafin farko da ya ci wannan kyauta, aka kuwa miƙa mata ita a kasuwar littattafai ta birnin Farankfut a Jamus. Amma ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba, gama ta rasu cikin watan Agusta 1981 bayan doguwar jinya, littafinta na biyu bai ko fito ba tukuna. Wannan ya sa gardamar da ta biyo baya aka yi ta ba mai littafin, ba wanda zai tashi ya ce ga abin da na ke nufi.

Abin da masu karatu na farko suka fara tambaya shi ne, shin labarin kanta ta bayar? Ga ta malamar makaranta, ga Ramatu malamar makaranta. Shekarunsu ɗaya, makarantarsu iri ɗaya. Amma in an duba, Mariyama aurenta mutuwa ya yi, ba ta zauna ba kamar Ramatu, 'ya'yanta kuma tara ne. In ma za a kamanta ta da wata, ta ɗauki rabi daga wannan, rabi daga waccan. Abin da ya sa mutane suka yi wannan zato shi ne yadda ta kwatanta zaman makoki daki-daki: yadda dangin miji su kan zo su kwance wa matan mamaci kitso, yadda a ke ƙidayar kuɗin gaisuwa da ƙarfi ana gasa, yadda a ke daidaita uwargida mai shekara talatin da amarya mai shekara biyar wajen rabo. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san ba a ƙaga irin wannan.

MAZAN DA SUKA JI HAUSHI

Kashi na biyu su ne waɗanda littafin ya ɓata wa rai, galibinsu maza. Wanda ya fi fitowa fili cikinsu wani malamin jami'a ne na Nijeriya, Femi Ojo-Ade, wanda ya rubuta sharhi a kansa cikin 1982. A ganinsa littafin ya ɗauko ra'ayin matan Turai na neman daidaita da maza, ya kawo shi inda bai dace ba, zai kuwa raba kan mace da namiji a lokacin da Afirka ke bukatar su haɗa kai. Masu irin wannan ra'ayi suka ce a duba mazan da ke cikin littafin: wannan maci amana, wannan ragon da uwarsa ke juyawa, wancan makwaɗaici. Suka ce wannan ba adalci ba ne.

Maganarsu tana da ɗan kamshin gaskiya, gama bakin mutum ɗaya mu ke ji tun daga farko har ƙarshe, Modu kuwa yana kabari, ba shi da damar kare kansa. Amma sun manta da Dauda, wanda mai littafin ta ba shi mutunci cikakke, sun kuma manta da mijin babbar 'yar Ramatu, wanda ke taya matarsa aikin gida. Har wa yau sun manta cewa a auren nan biyu da suka lalace akwai hannun mata dumu-dumu: uwar Maudo ce ta ƙulla na farko, uwar Binetu ce ta tura 'yarta cikin na biyu don kwaɗayin duniya. Wanda ya ce littafin maza kaɗai ya sara, bai karanta shi da kyau ba.

MASU KARATU NA TURAI DA AMURKA

Cikin 1981 wata mace, Modupe Bode-Thomas, ta juya littafin da Ingilishi, aka sa masa suna So Long a Letter. Daga nan ya shiga jami'o'in Ingila da Amurka, ya kuma dawo makarantun ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, har da namu. An juya shi da waɗansu harsuna da yawa.

Da yawa daga masu karatu na can suka ɗauke shi a kan ƙara ce aka kai auren mace fiye da ɗaya, waɗansu ma suka ce addinin Musulunci aka kai ƙara. Suka yaba wa A'isatu, suka ce ita ce jaruma, don ta yi abin da su za su yi. Ramatu kuwa suka ji tausayinta, amma suka ga kamar rauni ne ya zaunar da ita, ko tsoron bakin mutane. Abin mamaki, ashe waɗannan da mazan da suka ji haushi fahimtarsu ɗaya ce. Dukansu sun ɗauka littafin yaƙi ya ke yi da al'ada da addini, sai dai waɗannan suna murna, waɗancan suna fushi.

AMSAR MATAN AFIRKA

Kashi na huɗu malamai ne mata 'yan Afirka, waɗanda suka san zaman gidan kishiya da idonsu. Cikin 1986 Irene Asiba d'Almeida, mutuniyar ƙasar Binin, ta rubuta cewa abin da Mariyama ta sa a gaba shi ne zaɓi, watau kowace mace cikin littafin an kawo ta mararraba, ta zaɓi hanya da kanta, ta kuma ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. A bisa wannan, zaman Ramatu zaɓi ne kamar yadda fitar A'isatu ta ke zaɓi. Wadda ta ƙi wan mijinta a gaban liman, ta kuma ƙi mai kuɗi da muƙami alhali tana da 'ya'ya goma sha biyu a wuyanta, ba a ce mata raguwa.

Cikin 1997 kuma Obioma Nnaemeka ta Nijeriya ta kawo wata hujja. Ta ce a duba da kyau, abin da ya ƙona ran Ramatu shi ne cin amana da yasarwa. Mazan birni irin su Modu sun ɗauki izinin da addini ya ba su na ƙara aure, sun watsar da sharuɗɗan da ke tare da shi. Wannan magana kowane almajiri ya san gaskiyarta. Shari'a ta ɗora wa mai mata biyu rabon kwana da ciyarwa da tufatarwa da adalci, ba ta kuwa yarda a bar mace shekara biyar ba ita ga aure ba ita ga saki ba. Ramatu kuma ba ta bar salla ba, ba ta bar tasbaha ba, ta cika takabarta yadda aka umarta. Mai neman rushe addini ba ya sa irin wannan mace ta zama bakinsa.

Amma kada mu wuce gona da iri. A'isatu ba yashe ta aka yi ba, kishiyar ce ba ta yarda da ita ba sam, mai littafin kuwa ba ta zarge ta ba. Ita Ramatu ma ta nuna a sarari cewa aure na mutum biyu shi ne abin da zuciyarta ke so. Saboda haka wanda ya ce littafin bai taɓa maganar kishiya ba, shi ma ya rage wani abu.

MASU TAMBAYA GAME DA TALAKAWA

Daga baya waɗansu masu karatu suka ɗago wata tambaya wadda na farko ba su kula da ita ba. Suka ce, to, Binetu fa? Yarinya ce 'yar talakawa, aka cire ta daga makaranta ana gab da jarrabawa, aka ba tsoho sa'an ubanta, ta zama gwauruwa tun ba ta san duniya ba. Wa zai rubuta tata wasiƙar? Ita ba ta da aminiya a Amurka. Suka ce A'isatu ta iya fita ne don tana da ilmi da albashi, Ramatu ta iya ƙin manema don ita ma tana da albashi. Macen ƙauye wadda ba ta da ko ɗaya, zaɓin me gare ta? Suka ƙara da cewa matan da littafin ke magana a kansu, yawancinsu ba su jin Faransanci. Wannan ƙorafi na ƙarshe an share shi, gama waɗansu mata biyu, Mam Yunus Jeng da Aram Fal, sun juya shi da Wolof, harshen da yawancin mutanen Senegal ke ji, aka kuma sake buga fassarar cikin 2016.

Duk wannan gardama ba ta rage wa littafin daraja ba. Cikin 2002, da aka zaɓi littattafai ɗari mafiya kyau da 'yan Afirka suka rubuta cikin ƙarni na ashirin, aka sa shi cikin goma sha biyu na gaba. A tsibirin Gore kuma, kusa da Dakar, akwai makarantar 'yan mata ta gwamnati wadda a ke kira da sunan Mariyama Ba.

ABIN DA AKA TSALLAKE

In mai karatu ya bi waɗannan ra'ayoyi duka, zai ga abu guda. Kusan kowa ya zauna ne kamar alƙali, ya gurfanar da matan nan biyu, yana neman ya yanke wadda ta yi daidai, mai fita ko mai zama. Alhali kuwa su biyun ba su taɓa kai juna ƙara ba. Sa'ad da A'isatu ta fita, mutane suka yi ta ba ta magana, suna cewa 'ya'ya maza ba su tashi da kyau ba uba, Ramatu ba ta bi bakinsu ba. Sa'ad da Ramatu ta zauna, A'isatu ba ta ce mata ai ga irinta nan ba, mota ta aiko. Kowacce ta san ciwon 'yar'uwarta, ta bar ta da maganin da ta zaɓa. Auren so guda biyu sun rushe, dangin miji sun watse da aka gama rabon kuɗin makoki, abin da ya saura tsaye shi ne amincin da aka ƙulla tun ana wasan ƙasa. A ganina wannan ne kan maganar littafin, shi ya sa ma aka yi shi da siffar wasiƙa, gama mutum ba ya buɗe cikinsa haka sai ga wanda ya amince da shi.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Cikin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a Ingila cikin 1954. A ciki Baba ta ba da bayanin ƙawance, yadda mata biyu su kan ƙulla shi da kyauta, su riƙa yi wa juna gudummawa ran aure da ran suna, har tsufa. Mace ta yi aure uku ko huɗu, ta sauya gari, amma ƙawarta tana nan. Cikin 1990 kuma Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta wallafa Alhaki Kuykuyo Ne, labarin wata uwargida da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe su da sana'arta. Dakar da Kano tafiya ce mai nisa, amma matan garuruwan nan biyu za su gane maganar juna ba tafinta.

Mu maza mu kan ga ƙawar matarmu ta shigo, mu ce ga masu hira sun zo, wani ma ya hana ta shiga gidansa don tsoron kada ta zuga masa mata. Ba mu san sau nawa wannan ƙawa ta biya kuɗin makarantar ɗanmu ba, ko ta kawo hatsi ran da muka fita ba mu bar kome ba, ta kuwa rufa mana asiri. Wanda ya karanta littafin nan ya tashi da sanin wannan kaɗai, bai yi hasarar yininsa ba. Wanda kuma ke da niyyar ƙara aure, ya karanta wurin lissafin gadon Modu sau biyu, ya tuna cewa abin da mutum ya ɓoye yana da rai, a gaban dangi za a karanta shi ran da ba ya nan.

Gardamar dai ba ta ƙare ba, ba kuwa za ta ƙare ba muddin ana aure ana haihuwa, gama kowace shekara sababbin yara su kan buɗe littafin a makaranta, su rabu kashi biyu, waɗansu na bayan Ramatu, waɗansu na bayan A'isatu. Allah ya ji ƙan Mariyama Ba, ya ba mu aminai masu riƙon amana, ya sa mu ma mu riƙe tasu, amin.